Shekara biyar da Giwa: abin da tsohuwar akori-kura ta ci a hannuna a Legas

Assalamu alaikum. Ni mutumin Kura ne ta jihar Kano, amma tun 2005 nake Legas, a kasuwar Mile 12 nake neman abincina. Da dakon kwando na fara, har Allah ya ɗaga ni na zama mai saran tumatir da attaruhu da albasa daga manyan motocin da ke saukowa daga Arewa, ina kai wa gidajen abinci da otal-otal a Ikeja da Victoria Island da Lekki. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne, makon jiya wani ƙanena a kasuwa ya zo min da hoton mota a waya, bakinsa har kunne, wai ya samu babbar akori-kura 'yar Amurka da araha. Ina ganin hoton gabana ya faɗi, domin irin tawa ce sak, har launin. Na ba shi labarina a tsaye, amma hayaniyar kasuwa ba ta bari ya ji rabi ba.

A ƙarshen 2019 na saye ta. Kafin nan haya nake ɗauka kullum, kuma duk wanda ya yi harkar kayan gwari ya san tumatir ba ya jiran kowa. Otal na son kaya kafin ƙarfe bakwai na safe, direban haya kuma sai ya ga dama zai zo. Ranar da wani ya shanya ni har ƙarfe tara, na yi alkawari sai na mallaki tawa. Na haɗa abin da na tara da kuɗin adashi na nufi Berger, inda ake baje motocin tokumbo, wato na hannu da ake shigowa da su daga waje, a kan hanyar Apapa. Kawuna, wanda shi ya kawo ni Legas, ya raka ni. Shi so ya yi in sayi ƙaramar akori-kura 'yar Japan mai silinda huɗu, irin wadda kowane bakanike ya san cikinta.

Sai idona ya faɗa kan wannan. Fara ce sol, ƙofa huɗu, samfurin 2006, injin silinda takwas mai lita 5.4, giyarta otomatik. Dillali ya murza makulli, ta yi wani gurnani mai sanyi da na ji har cikin ƙirjina. Kuɗinta kuma bai kai na 'yar Japan ɗin da ta girme ta ba. Muka daidaita a kan naira miliyan uku da dubu ɗari bakwai, lokacin dala tana wajen naira 360 a kasuwar bayan fage. Kawu ya ja ni gefe ya ce, “Ɗana, ka leƙa ƙarƙashinta kuwa?” Na ce, “Kawu, ai motar Turai ce, ba ta taɓa taka titin Najeriya ba.” Ya yi shiru, ya ce Allah ya sa alheri.

Agogonta ya nuna 168,000. Ni duk a zatona kilomita ce. Sai bayan wata da watanni wani ya wayar da ni cewa motocin Amurka da mil suke ƙirga, kuma mil ɗaya ya haura kilomita ɗaya da rabi. Wato motar da na ɗauka matashiya ta riga ta ci wajen kilomita 270,000 kafin ta hau jirgin ruwa.

Yaran kasuwa suka sa mata suna Giwa. Ba zan ci amanarta ba, watannin farko ta faranta min rai. Na sa mai walda ya ɗora mata keji a baya, domin masu ƙofa huɗu akwatin bayansu gajere ne. Nakan loda mata kwando goma sha takwas, wani lokaci ashirin, ga buhunan albasa a sama, ta tashi kamar ba ta ɗauki komai ba. A nan na fara zaluntarta ban sani ba. Ƙarfin injin daban, abin da sifirin da giya da birki za su iya ɗauka daban. Irinta abin da aka ƙayyade mata bai kai tan ɗaya ba, har da mutanen da ke ciki, ni kuwa kullum sai na haura.

Laifina na biyu baƙin mai ne. A murfin da ake zuba shi an rubuta 5W-20 ɓaro-ɓaro. Yaron da ke min juye a bakin titi ya ce wannan na ƙasar sanyi ne, a zafin Legas mai kauri ake so, ya riƙa ɗura mata 20W-50 irin na danfo, bas-bas ɗin hayar Legas, kusan lita bakwai duk juye. Ban san ko na gaske ne ko jabu ba, kuma sai man ya yi baƙi ƙirin nake tunawa da canji. Bayan kamar wata takwas, in ta yi zafi aka tsaya a gosulo, sai ta fara wata ƙara kar-kar-kar kamar injin dizal. Na sa a raina tsufa ne kawai.

A daminar 2020 motar ta fara fizga. In na taka totur a hawan gada sai ta riƙa tari, wutar injin tana ƙiftawa a gaban sitiyari. Na kai ta wani gareji a Ketu, bakaniken ya ce fulogi ne, aikin awa ɗaya. Ina tsaye a kansa ya zura sifana ya ɗaure ƙarfi. Na farko ya fito. Na biyu ya fito da ƙyar yana kuka. A na uku na ji ƙas! Ya zaro sifanar, ga saman fulogi a hannunsa, dogon bakin kuma ya zauna can cikin injin. Maimakon ya dakata sai ya ci gaba, kafin azahar uku sun karye cikin takwas. Ya goge zufa ya ce, “Alhaji, sai dai a sauke kan injin.” Na tambayi kuɗin, ya faɗi abin da ya sa na nemi benci na zauna.

Kwana tara ta yi a wurin ina biyan haya. Wani direban tirela ne ya haɗa ni da wani Inyamuri a Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota da ke Mushin, wanda ba ya taɓa komai sai motocin Amurka. Ya zo da wata 'yar jaka, ya fito da wani ƙarfe mai zare kamar noti, wanda aka ƙera musamman don wannan aikin. Shi ya yi min bayani cewa fulogin wannan injin na waɗancan shekarun kashi biyu ne a haɗe, dogon bakin yana zama cikin wani matsattsen rami, baƙin hayaƙi ya taru ya riƙe shi kamar siminti. Dabarar ita ce a sassauta shi kaɗan, a zuba maganin da ke narkar da dattin, a bar shi ya jiƙa, sannan a riƙa juyawa gaba da baya a hankali. Na zuba masa ido yana zaro gutsattsarin ɗaya bayan ɗaya, kowanne baƙi kamar gawayi. Dubu goma sha biyar ya karɓa a kan kowane guda. Da sababbin fulogai takwas da kwayil uku da suka ƙone (kowace silinda da nata kwayil, kuma ruwa in ya shiga ramin yana kashe su, ni kuwa duk Juma'a sai an wanke min injin da tiyo), na kashe wajen dubu ɗari da hamsin, ban da kuɗin haya.

Shi ne kuma ya saurari ƙarar nan ta dizal ya girgiza kai. Ya ce a kan sandunan da ke buɗe bawul akwai wasu haƙora da ƙarfin baƙin mai ke juyawa, hanyoyin man ƙanana ne, akwai 'yar rariya a ciki da datti ke toshewa. Ga sarƙar injin da robobin da take gogawa, su ma sun tsufa. Ya ce a canza su gaba ɗaya, zai kai dubu ɗari uku da hamsin. Na ce sai kasuwa ta buɗe, lokacin ba mu gama farfaɗowa daga kullen korona ba, otal-otal rabinsu a rufe. Na koma mai na gaskiya dai daga ranar, amma sarƙar na bar ta.

Abin da ya fi ƙona min rai ya faru ne a kan gadar Third Mainland, da asuba, a farkon 2021. Muna tafe da kayan wani babban otal, ba fizga ba ƙara, sai kawai ta mutu. Na gangara gefe. Kik na juyawa lafiya, batir da ƙarfinsa, amma ta ƙi tashi. Gadar nan ta kusa kilomita goma sha biyu, ba bakanike ba inuwa, ga ruwa ta ko'ina. Kafin mu samu janwe rana ta take, tumatir ya fara zubar da ruwa ta ƙasan kwanduna yana ɗiga a kwalta. Rabinsa a matsayin ruɓaɓɓe na sayar, wanda Yarabawa ke kira esha. Otal ɗin kuma daga ranar suka nemi wani, shekara huɗu muna ciniki.

Aka ce famfon mai ne. Aka sauke tanki aka sa wani famfon, dubu saba'in. Ta yi kwana biyu ta sake mutuwa a Ojota. Wani dattijon rewaya Bayarabe, kowa Baba yake ce masa, shi ya kwanta ƙarƙashinta ya sauke safayar taya, ya ce in zo in gani. Can sama a jikin ƙarfen shasi akwai wani ɗan akwati da bai fi tafin hannu ba, shi ke ba famfon wuta. Bayansa na alminiyam ne, an ɗaure shi a jikin baƙin ƙarfe, gishiri da laima sun cinye shi har ya tsage, wani farin gari na zubowa. Baba ya ɓantare shi da yatsa. Famfon da na cire lafiyarsa ƙalau. Dubu ashirin da biyar aka sayo wani akwatin, Baba ya sa masa wasu 'yan robobi ya ɗaga shi daga jikin ƙarfen, har na rabu da motar bai sake damuna ba.

Ranar ce na fara kwanciya ƙarƙashin motata, bayan fiye da shekara da sayenta. Baba ya ba ni sukundireba ya ce in soki shasin ta wajen tayar baya. Na soka, ta shige. Ya ce a jihohin Amurka masu dusar ƙanƙara gishiri ake watsawa a titi lokacin sanyi, shi ke cin ƙarƙashin mota, fentin sama kuma yana ta sheƙi. An fesa mata baƙin fenti a ƙasa kafin a kai ta kasuwa. Maganar Kawu ta dawo min. Mai walda ya yi wa shasin faci, na ɗauka an gama.

Ban kula da bututun man birki ba, waɗanda ke bin jikin shasin nan, su ma ƙarfe ne, su ma gishirin ya ci. Wata Talata da hantsi, muna dawowa ta hanyar Ikorodu, mun kusa Ketu, ni da yarona mai taya ni sauke kaya, wani danfo ya tsaya ɗaukar fasinja a gabana. Na taka birki, ƙafata ta tafi har ƙasa kamar na taka auduga. Na sake takawa, ba komai. A gefen dama ga mata masu talla, wata da goyo. Ban san lokacin da bakina ya kama salati ba. Na fizgo giya zuwa ta biyu, zuwa ta ɗaya, injin ya yi kururuwa, na danna birkin ajiya da ƙafar hagu (a irinta da ƙafa ake taka shi), na karkata hagu na goga taya da dakalin tsakiyar titi. Ta ja kamar tsawon mota uku ta tsaya. Tsakanina da danfon bai fi taku biyu ba. Yaron ya buɗe ƙofa ya sauka ya zauna a ƙasa, ya kasa magana. Da na leƙa, man birki na tsiyaya daga wani bututu da ya koma kamar busasshen kara.

Wallahi da a ce da kaya muke, da ba ni ke rubuta wannan ba, ko kuma da ina ɗauke da alhakin rai. Daren nan ban runtsa ba, fuskar matar nan mai goyo nake gani. Da gari ya waye na yi sadaka, na sa aka canza bututun gaba ɗaya tun daga gaba har baya, da taya ɗaya da wilin da na lalata, dubu ɗari biyu da ɗoriya. A duk kuɗin da na kashe wa motar nan, shi kaɗai ne ban ji ciwon fitarsa ba.

Sauran kuma sun riƙa zuwa bi da bi. Ƙafar gaba sau uku ina gyarawa, ramukan Legas ba sa barin boljoyin da shokozoba su yi shekara biyu. Sifirin baya ya kwanta. Notinan da ke riƙe bakin salansa a jikin injin suka karye, da safe tana tas-tas har sai ta yi zafi. Lagireto ya yoye. Gilashin ƙofar direba ya faɗa ciki ana tsaka da ruwan sama. Wani ma ya duba ya ce tukunyar tace hayaƙi, wadda makanikan Legas ke kira indomi, an riga an fafe cikinta, ban san ko a ina ba. A 2022 giya ta fara jinkiri, sai injin ya yi ihu kafin ta shiga. Da aka zaro sandar awo, man da ya kamata ya zama ja ya koma ruwan ƙasa yana warin ƙuna. Tunda na saye ta ban taɓa canza shi ba, ga lodi, ga gosulo na awa biyu a rana. Giyar tokumbo da aikin hannu da mai suka tashi dubu ɗari huɗu da hamsin.

Duk da haka ina lallaɓawa, domin fetur na naira 185. Tankinta na cin kusan lita ɗari, da dubu goma sha takwas nake cika shi. A cikin gari da ƙyar take ba ni kilomita biyar a lita. Sai ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Cikin kwana biyu lita ta koma 488 a Legas. Kafin ƙarshen 2024 ta taɓa naira dubu. Cika tanki ya koma kusan dubu ɗari. Zuwa Lekki da dawowa, wajen lita goma sha biyar, ya cinye ribar kwando da yawa kafin in sauke ko ɗaya. Naira ma ta faɗi, dala ta haura 1,500, kuma kayan motar nan duk daga waje suke zuwa, ba kamar na 'yan Japan ba da ke zube a kowane lungu. Na koma wajen mutumina na Ladipo kan maganar sarƙa, don ƙarar ta fara yawa da safe. Aikin da ya ce min dubu ɗari uku da hamsin a 2020 ya haura miliyan ɗaya. Na yi tunanin mayar da ita mai amfani da iskar gas, tunda gwamnati na ta kiran mutane a kai, amma tukunyar za ta cinye min rabin wurin kaya.

Maiɗakina ce ta tsayar da ni. Ta yi makaranta fiye da ni, kuma ashe tun ranar fulogi take rubuta duk abin da na ce na kashe, a bayan wani littafin yara. Wani dare bayan isha ta ajiye min shi kusa da kwanon tuwo ta ce, “Malam, don Allah ka duba wannan, ba don in ɓata maka rai ba.” Shafi huɗu ne, kwanan wata da abin da ya lalace da kuɗi. A ƙasa ta ja layi ta rubuta miliyan biyu da dubu ɗari shida. Ba fetur a ciki, ba juyen mai, ba kayan da suka ruɓe, ba kuɗin haya na kwanakin da take gareji. Ta ce, “Ginin Kura shekara uku ke nan yana jiran rufi.” Ban amsa ba. Na san gaskiya ta faɗa, kuma na san abin da ya hana ni sakin motar ba lissafi ba ne. Ina jin daɗin yadda ake matsa min a titi, da yadda ake cewa ga mai Giwa nan. Ranar ambaliyar farkon Yulin 2024, da ƙananan motoci suka nutse a wajen Iyana Oworo, ni na ratsa ruwan na kai kayana, har na ɗauko mutum shida a baya. Irin wannan ranar ce ke sa mutum ya manta da wata guda na wahala.

A watan Nuwamba na 2024 na sa ta a kasuwa. Wani mai gidan buga bulo daga Ikorodu ya zo gani. Na ɗauko littafin maiɗakina na karanta masa tun daga farko, na tayar da injin da sanyin safiya don ya ji ƙarar sarƙar da kunnensa, na nuna masa facin shasi. Dillalin ya riƙa taka min ƙafa yana raɗa min, “Alhaji, za ka kashe cinikin nan.” Na ce masa addinina bai yarda in ɓoye aibin abin sayarwa ba, kuma ni na san abin da ɓoyewar ta kusa jawo min a Ketu. Mutumin ya rage dubu ɗari takwas a kan abin da na sa, muka shirya a miliyan huɗu da dubu ɗari biyu. A baki ya fi abin da na saya, amma a kasuwar ranar ko rabin irinta ba zai sayo daga waje ba. Na cika kuɗi na sayi ƙaramar 'yar Japan mai giyar hannu wadda aka yi amfani da ita a nan gida. Sawu biyu nake yi a inda Giwa ke yin ɗaya, amma an rufe ginin Kura kafin damina. Da na kira Kawu na gaya masa, yanzu ya koma gida ya tsufa, bai tuna min da komai ba, albarka kawai ya sa min.

Ƙanen nawa har yanzu zuciyarsa na kan motar, kuma ban hana shi ba, don aikinsa na ɗaukar injinan ban ruwa ne, wataƙila shi tana da amfani gare shi. Na dai ce kada ya ba da ko sisi sai mun je tare. Mun yi da mutumina na Ladipo zai zo da na'urarsa ta gwaji, kuma na gaya wa dillalin kada a tayar da injin kafin mu iso, da sanyinsa nake son jin sa. Ranar Asabar za mu je in sha Allahu. Na riga na ajiye kwalin da zan shimfiɗa a ƙasa, da tocila, da sukundirebar nan da Baba ya bar min.